Hunturu Ya Kama a Mubi: Direba Ya Daina Auna Taya da Ƙafa

Ga shi dai hunturu ya sake kamawa a Arewa, kuma kamar yadda aka saba, daga Disamba zuwa Janairu ne mutanen Adamawa mazauna Ikko da Badun da Anaca suke ɗaura kaya su nufi gida, wasu don biki, wasu don gaida iyaye, wasu kuwa don cinikin shanu a kasuwar Mubi. Mai motar kansa zai kai ta gareji a canza baƙin mai, a duba birki, a wanke ta fes. Amma iskar taya, wadda ita ce za ta ɗauke shi da iyalinsa fiye da kilomita 1,000 daga Ikko, sai a bar wa yaron mai faci, shi kuwa ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe, ko ya doke ta da ƙafa, ya ce, "Ta yi, Alhaji."

Ƙafa ba ta san bambancin fam 25 da fam 32 ba. Tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, ido bai gane ba.

Dalilin da ya sa maganar ta fi muhimmanci da hunturu shi ne, iska tana kumbura da zafi, tana takurewa da sanyi. Duk sa'ad da yanayi ya sauka da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Selshiyas, tayar ƙaramar mota tana raguwa da wajen fam 1 a geji, ko da ba ƙusar da ta huda ta. To Mubi kuwa gari ne da ke gindin duwatsun Mandara, inda asubahin Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, sa'an nan da azahar ya haura 30. Watau motar da ke ajiye a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa ta, gejinta zai nuna bambancin fam 3 tsakanin asuba da azahar. In kuwa ta yi gudu a kan kwalta, zafin tafiya yakan ƙara mata fam 4 ko 5.

A nan ne direbobi da yawa suke yi wa kansu illa da hannunsu. Mutum ya baro Kudu, ya tsaya salla a Numan ko Gombi da rana tsaka, ya dafa taya ya ji ta yi zafi, aka sa geji ya nuna 37. Sai tsoro ya kama shi, ya ce a sace masa iska ta koma 32 don kada ta fashe. Ya isa Mubi ya kwana biyu, taya ta huce, sanyin asuba ya sauko mata, ta koma 25 ko ƙasa da haka. Ran komawa kuma ga buhun wake, ga gyaɗa, ga 'yan'uwa biyu da suka roƙi a rage musu hanya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi, zafin kuma ya raba roba da wayoyin da ke ciki. Bayan awa uku ana gudu sai a ji ƙara. Daga baya a taru a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ai an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Wannan ba tatsuniyar tasha ba ce. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, bayan motoci ƙirar Ford Explorer sun yi ta kifewa saboda ɓarewar taya, mutane da yawa suka mutu. Cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ya rubuta fam 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. Bayan haka ne aka yi dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin iska a sababbin motocin Amurka daga 2007. Ita ce fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da ke cikin motocin kwatano, wadda takan kama da asuba ta mutu da hantsi. Abin takaici, wasu sai su kai wa mai gyaran waya ya kashe ta, alhali kuwa gaskiya take faɗa.

Kada kuma a ɗauka cewa maganin shi ne a ɗura iska har taya ta zama dutse. Masu faci da dama suna ba ƙaramar mota fam 45 ko 50, wai don hanya ba ta da kyau, ko kuma su karanta lambar da ke jikin taya. Lambar nan iyakar abin da taya za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke bukata ba. Taya mai tauri tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, in ta faɗa rami kuma sai ta yi ƙari a gefe. Ba duka laifin mai faci ba ne, domin gejinsa yana faɗuwa ƙasa sau goma a yini, kuma masu mota ne da kansu suke cewa a ƙara.

Lambar gaskiya tana kan wata takarda da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai. Galibin ƙananan motoci tsakanin fam 30 da 35 ne, kuma sau da yawa akwai layi na biyu don mota mai cikakken lodi. Wannan lamba ta taya mai sanyi ce, watau wadda ta yi awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 ba. Saboda haka wanda ya isa Mubi, ya auna da safe kafin rana ta ɗaga, ya cika ta kai lambar kamfani, in ta hau da rana ya ƙyale ta. Idan ya koma Ikko ya sake aunawa da safe, domin can za ta nuna sama da haka kaɗan. Gejin aljihu kuwa kuɗinsa bai kai na rabin tankin mai ba, ya kamata kowace mota ta kasance da nata.

Akwai kuma batun tsofaffin tayoyi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, tayar waje ce ta cika kasuwa, da yawa kuma an riga an more su a Turai. Cikinsu har da na ƙanƙara, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Kada ɗan kasuwa ya ce wa kowa su ne na hunturu. Robarsu mai laushi ce, kwaltar Song da azahar cinye ta za ta yi. Mai saye ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Safaya ma a fito da ita daga but a auna, domin taya tana rage wajen fam 1 a wata ko tana kwance. Ƙaramar nan siririya da ke zuwa da motocin kwatano fam 60 take bukata, ba 32 ba.