"Gidanmu babu mahaukaci": yadda muke ɓata kalmomin hankali a rediyo

Yau kanmu za mu fara tuhuma, mu masu riƙe da makirfo a nan Dakwaro.

Kwanakin baya an kawo mana sanarwa da Faransanci, kamar yadda aka saba: ma'aikatan lafiya za su duba masu fama da troubles mentaux, kyauta. Saura minti biyar a buɗe shiri, sai muka fassara a tsaye, muka ce "ana kiran masu taɓin hankali su hallara". Sau uku muka karanta ta a ranar. Da dare wani magidanci ya bugo waya daga wajen Kornaka, ya ce: "Malam, mun ji sanarwarku, amma mu gidanmu babu mahaukaci." Har za mu yi masa godiya mu ajiye, sai ya ƙara da cewa matarsa ce dai, tun da ta haihu wata huɗu ke nan ba ta barci, ba ta cin abinci, sai kuka, ko jaririn ba ta son ɗauka. "Munka kai ta wajen malam, munka yi rubutu, har yanzu shiru." Jama'a, wannan baiwar Allah ita ce aka yi sanarwar dominta. Mu muka rufe mata ƙofa da kalma biyu.

Washegari muka sake lale. Muka ce duk wanda barci ya ƙaurace masa, ko yawan tunani ya hana shi sakat, ko yake cikin ƙuncin rai ba dalili, ko yake yawan firgita, ko mai jego da ta kasa samun natsuwa, to ya zo a duba shi. Wayar situdiyo ba ta huta ba sai da shiri ya ƙare.

Tun ranar muke tambayar kanmu daga ina matsalar take. Akwai abokan aiki da ke cewa Hausa ce ba ta da kalmomi. Wallahi ba haka ba ne, mu ne ba mu da su. Mu da muka yi lakwal, muka yi kwaleji da lise, a ajin tarminal mushen filo ya cika mana kai da conscience da raison da esprit, muka rubuta shafi shida a kansu ranar bak, amma ba a taɓa tambayarmu ba, ko sau ɗaya, yadda kakarmu take kiran waɗannan abubuwa. Muka fito da tunanin cewa manyan maganganu na Faransanci ne, Hausa kuwa ta cefane ce da gaisuwa.

Ku dubi hankali kaɗai. Yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa, yana dawowa. Ana jan shi, ana mai da shi, ana raba shi biyu. "Yaro mai hankali" ladabi ake nufi, "yi hankali" gargaɗi ne, "a hankali" kuma sannu-sannu. Bahaushe ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Ga zuciya, wadda ke raya wa mutum abu, take saƙawa take kwancewa. Ga rai, da ke ɓaci ya yi fari. Ga wayo, wanda yaro ke yi idan ya fara girma, babba kuma in ya cika shi a guje shi. Basira daban, hikima daban, azanci daban. Zato ba tsammani ba ne, shakka ba waswasi ba ce. Zulumi na abin da bai zo ba ne, alhini na abin da ya riga ya faru. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba a Birnin Lalle ba za ta haɗa waɗannan ba ko cikin barci, mu masu takarda mu ke cakuɗa su.

In ana maganar ƙarancin kalma ma, Faransancin ne ya kamata a tausaya wa. Kalma guda, esprit, ita ce hankali, ita ce ruhi, ita ce kaifin baki, ita ce kuma iskoki. Mai fassara cikin gaggawa yana iya mai da esprit critique ya zama wani aljani mai suka. Conscience ma haka: wanda ya rasa ta ya suma, wanda ya same ta ya farga, wanda tasa ke kwance kuma ba shi da haƙƙin kowa a wuyansa. Abu uku, kuma Hausa ta ba kowane sunansa.

Wani abokinmu da ya yi karatu a Bukares, babban birnin Rumaniya, shi ya ƙara buɗe mana ido. Harshen Rumaniyanci ɗan uwan Faransanci ne, dukansu daga Latin suka fito. Kalmar nan ta Ingilishi, mind, da ke wahalar da masu fassara zuwa Faransanci, su ƴan Rumaniya suna da tata daidai, wato minte, gadon Latin. Faransanci ya yar da ita, sai ɓurɓushinta a mental da wutsiyar nan -ment ta ƙarshen kalmomi. Abin da ya ba mu dariya, yaro mai ladabi a can cuminte ake ce masa, ma'ana "da hankali", sak yadda muke faɗa a nan. Kalmarsu ta tunani kuwa, gând, daga harshen maƙwabtansu ƴan Hungari suka aro ta tun da daɗewa. A ƙarni na 19 sun kwaso kalmomin ilimi masu yawa daga Faransanci da Latin, amma ba su jefar da minte da gând ba, har yau da su uwa ke yi wa ɗanta faɗa.

Saboda haka masu cewa a ari kalmar kawai, a ce "depresiyo" ko "sitires" a wuce wurin, ba mu ce sun yi saɓo ba. Hankali kanta daga Larabci ta zo, haka basira da hikima da fahimta da niyya. Sai dai waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin malamai da almajirai kafin su zama namu. "Depresiyo" fa? Je ka faɗe ta a rugar da ke Kwarin Tarka, ko a kasuwar dabbobi, inda Bafulatani da Buzu ke ciniki da Hausa, ka ga ko wani zai ɗago kai. Kuma kada mu manta da yawan masu saurarenmu a wannan yanki Hausa harshe na biyu ce gare su, in kalma ta yi wa Bagobiri nauyi, su ina ga su?

Na tashoshin waje da na Najeriya ma sai an tace. "Lafiyar ƙwaƙwalwa" ta bazu, muna jin ta kowace ranar 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe don wannan batu. Amma a ƙauye in ka ce ƙwaƙwalwa, tunanin mutum na tafiya ga wanda ya faɗo daga kan babur ko wanda sanƙarau ya taɓa. "Ciwon damuwa" ta fi kusa, mun fi son ta, ko da yake wani zai ce kowa ma yana da damuwa, a yi haƙuri. Ga taɓin hankali kuma, kun ga abin da ta jawo mana.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Mun yi murna a rediyo, har da kiɗa. To amma sanarwar asibiti har gobe da Faransanci take zuwa, kuma mai gabatarwa ne shi kaɗai, da biro a hannu, zai yanke hukuncin kalmar da dubban mutane za su ji. Ba wai ba a yi aiki ba: makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida sun fara tun 1973 a Damagaram, INDRAP a Yamai ta buga littattafai, ga ƙamus na Abdu Mijingini na Hausa zuwa Faransanci. Ku shiga situdiyon gidajen rediyon karkara ku ƙirga nawa ke da ko ɗaya daga ciki a kan tebur.

Abin da muke roƙo ba babba ba ne. A haɗa mu zama ɗaya da majo-majo na asibitocin karkara, da ungozoma, da malaman zaure, da malaman Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi in za su zo. Kada a fara da jerin kalmomin Faransanci ana neman kishiyar kowace. A fara da tambayar majo: mutanen da ke zuwa wurinka da wannan ciwo, me suke cewa da bakinsu? Daga nan a rubuta, a raba wa kowace tasha.

Mu dai mun sayi kaye mai shafi ɗari mun ajiye kusa da makirfo. Duk kalmar da mai sauraro ya faɗa game da halin da zuciyarsa ke ciki, muna rubutawa da sunan garinsu. Shafi na farko ya kusa cika, kuma har yanzu gardama muke da mai shirin dare a kan "ƙuncin rai" da "ɓacin rai", shi ya ce ɗaya ne, mu mun ce sam. Wanda ke da ta cewa, layinmu a buɗe yake bayan sallar isha.