Karatun Kwamfuta A Jami'a: Ba A Koyon Saƙa Da Baki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da karatun kimiyyar kwamfuta da 'ya'yanmu suke yi a jami'o'i.

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Dawanau. Ɗana na fari yana aji uku a wata jami'a, kimiyyar kwamfuta yake karantawa. Ranar da ya sami gurbi na yi murna ƙwarai, domin a zatona za a koya masa buga takardu da gyaran waya, bayan shekara 4 in buɗe masa shago. Ashe ba haka abin yake ba.

A shekarar farko kusan duk lissafi ne da fizis da Turanci. Har na yi masa faɗa, na ce, "Kai, kwamfuta na aike ka ko lissafi?" Sai ya zaunar da ni ya ce, "Baba, kwamfuta ba ta da hankali, abin da aka umarce ta shi take bi. Mu rubuta umarnin ake koya mana." Ya ce akwai harsunan da ake rubuta shi da su, kamar Python da Java. Akwai darasin warware matsala mataki-mataki, misali yadda za a jera sunayen masu bashi dubu, a zaƙulo guda ɗaya nan take. Akwai na rumbun adana bayanai, da na haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, sannan aikin bincike a shekarar ƙarshe. Na gamsu. Wanda bai iya ƙirga ba ai ba a ba shi tiya ya yi awo.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Da hutun bara na miƙa masa littafin bashina, wanda duk ya yage, na ce ya mayar mini da shi cikin kwamfuta. Yaron nan ya sunkuyar da kai. Ya ce sun yi irin wannan aikin a jarrabawa, har ya ci maki mai kyau, amma da biro ya rubuta a takarda, bai taɓa gwada shi a na'ura ba. Ɗakin kwamfutar sashensu ya yi wa ɗalibai kaɗan, mutum biyar ko shida kan taru a kan guda ɗaya, ɗaya yana dannawa sauran suna leƙe. Ran da layi ya zo kanka kuma, sai a ɗauke wuta.

Haba jama'a! Wane tela ne ya ƙware ba tare da ya taka keke ba? Wane direba ne ya koyi tuƙi a kan allo? Amfanin ilimi aiki da shi. Yaron ya gaya mini cewa waƙafi guda idan ka manta, shirin gaba ɗaya zai iya ƙin tashi. Takarda ba za ta nuna maka kuskurenka ba, na'ura ce take nunawa, kuma a wajen gyaran kuskuren nan ake samun ƙwarewa.

Ba wai hukuma ba ta yi komai ba. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Ta ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa irin su tsaron intanet, da kimiyyar bayanai, da injiniyancin manhajar kwamfuta. Kashi 70 cikin 100 na darussan ita ta tsara, kashi 30 ta bar wa kowace jami'a ta cika da abin da ya dace da ita. Wannan abin a yaba ne. Sai dai manhaja komai kyanta takarda ce, ba ta kunna janareto.

Don haka ina da kira guda uku.

Na farko ga shugabannin jami'o'i. Kada ku ɗebi ɗaliban da suka fi ƙarfin kayan aikinku. Kuɗin makaranta ya ƙaru, mun biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku sa wa ɗakunan kwamfuta sola, ku bar su a buɗe har dare, a riƙa yin jarrabawar rubuta shiri a gaban na'ura. Kashi 30 ɗin nan ku karkato da shi kan buƙatunmu: lissafin bashi, farashin buhu daga kasuwa zuwa kasuwa, rajistar manoma, da manhajar da ke jin Hausa.

Na biyu ga masu kula da shirin SIWES, wanda ake tura ɗalibi wajen aiki ya goge. A riƙa bin sawu. Tura yaro shagon fotokwafi ya wuni yana sayo wa maigida abinci ba horo ba ne.

Na uku gare mu iyaye. Idan ɗanka yana gudun lissafi, kada ka tilasta masa wannan fanni don kawai sunan yana da daɗi. Idan kuma ya shiga, sa kwamfutar tafi-da-gidanka a lissafinka tun farko, ko da ta hannu ce, kamar yadda kake sa kuɗin taki kafin damina. Ni sai da na sayar da buhunan masara na sayo masa, bayan shekara biyu sun riga sun wuce. Wanda ba shi da hali, dangi da masu hannu da shuni su taimaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu littafin bashina yana cikin kwamfutar, ko da yake sau uku yana lalacewa yaron yana gyarawa. Damuwata ita ce abokansa da har yanzu suke leƙe ta kafaɗar wani.

Ina fata waɗanda abin ya shafa za su duba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.

Naka,
Wani mai sayar da hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.