Makarantar LaGuardia: Sakamako Ya Yi Kyau, Amma Wa Aka Bari a Waje?

A ƙarshen watan Mayu na 2019, ɗaruruwan ɗalibai suka ƙi shiga aji, suka zazzauna a barandojin makarantar sakandaren LaGuardia da ke birnin Niyok na Amurka. Makarantar gwamnati ce, kyauta ake karatu a cikinta, don haka ba batun kuɗi ne ya fito da su ba. Kukansu shi ne makarantar da aka gina domin kiɗa da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo ta fara mantawa da dalilin gina ta. Malamai ma suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da shugabar makarantar, Lisa Mars, kuma kafin watan Yuni ya ƙare hukumar ilimi ta birnin ta ɗauke ta daga kujerar. Duk wannan ya faru ne a lokacin da alƙaluman makarantar suke faranta ran kowane jami'in ilimi: kusan duk yaron da ya shiga yana kammalawa, mafi yawansu kuma suna wucewa jami'a. Makarantar da sakamakonta ya kai haka, me zai sa 'ya'yanta su ce ta lalace?

Tushenta makarantu biyu ne. Magajin garin Niyok, Fiorello LaGuardia, ya kafa ta kiɗa da zane a 1936, ƙasar tana tsakiyar matsin tattalin arziki, domin ɗan talaka mai baiwa ya samu horon da a lokacin sai mai kuɗi ke iya saya wa ɗansa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe ta wasan kwaikwayo da rawa a kusa da dandalin Times Square, wadda fim ɗin Fame na 1980 ya sanar da duniya labarinta. A 1984 aka haɗa su a gini guda, a bayan babbar cibiyar wasanni ta Lincoln Center. Sassa shida ake koyarwa: rawa, wasan kwaikwayo, kiɗa, rera waƙa, zane, da aikin bayan fage kamar fitilu da sauti da gina dandali. Ɗalibi yana yin awa biyu ko uku kullum a sashensa, ban da lissafi da Turanci da kimiyya da tarihi da sauran yaran birnin suke yi.

Niyok tana da makarantun sakandare tara na musamman. Takwas daga cikinsu da jarrabawa guda ɗaya ake shigarsu. LaGuardia kaɗai ce yaro zai zo ya tsaya a gaban malamai ya yi rawa, ko ya busa abin busarsa, ko ya baje zane-zanensa. Dokar jiha ta 1971, wadda aka fi sani da Hecht-Calandra, ita ta tabbatar da wannan gwajin baiwa, ta kuma nemi yaro ya nuna karatunsa na baya ya gamsar. Sai dai ba ta faɗi makin da za a tsaya a kai ba. Wannan giɓi shi ne asalin rigimar.

Da Lisa Mars ta karɓi ragama a 2013, malaman sassan fasaha suka fara ƙorafin cewa yaran da suka zo kan gaba a gwajin baiwa ana mayar da su gida saboda makinsu na ƙaramar sakandare, ana ɗaukar waɗanda ba su kai su gwaninta ba amma takardarsu ta fi kyau. Sashen rawa ne ya fara kuka da ƙarfi. A 2016 dubban tsofaffin ɗalibai da iyaye suka sa hannu a takardar koke. Masu ƙorafin suna cewa maki ƙasa da 80 a ɗaya daga cikin manyan darussa ya isa ya rufe wa yaro ƙofa, ko da malaman da suka kalle shi sun yi ittifaƙi ba su ga kamarsa ba a shekarar.

A nan ne ni hankalina ya tashi, domin idan aka bi wannan hanya sakamakon makaranta ba zai taɓa nuna ɓarnar ba. Kyau ma zai ƙara yi. Kamar asibiti ne da ba ya karɓar kowa sai mai ƙoshin lafiya, sannan ya fito yana alfahari ba a mutuwa a gadajensa. Yaron da ya shigo da maki 90 a lissafi zai ci jarrabawa a kowace makaranta aka kai shi, cin nasa bai nuna ƙwarewar malaman LaGuardia ba. Wanda zai nuna ƙwarewarsu shi ne mai muryar da ke tsayar da jama'a amma lissafi na ba shi wuya, a ga ko za su yaye shi da muryar da lissafin duka. Irin wannan yaro kuwa tun a bakin ƙofa aka sallame shi, kuma babu rahoton shekara da zai ƙidaya shi cikin asara.

Tarihin makarantar kansa shaida ne. Timothée Chalamet, wanda yau yake cikin manyan 'yan fim na Amurka, ya kammala a 2013. Da farko an ƙi ɗaukarsa saboda takardarsa ta ƙaramar sakandare, sai da malamin wasan kwaikwayo Harry Shifman, wanda ya kalli gwajinsa, ya kafe kai da fata aka shigar da shi. A wancan lokaci ke nan idon malami yana da ƙima, maganarsa tana iya juya hukunci. Al Pacino ya tashi cikin talauci a kudancin unguwar Bronx, bai yi fice a karatun littafi ba, gwajin baiwa ne ya shigar da shi tsohuwar makarantar wasan kwaikwayon. Da ma'aunin maki aka ɗora masa, da ko baranda bai taka ba.

Amma labarin Pacino yana da wani gefe da masu kare fasaha ba su cika ambata ba: bai kammala ba. Ya bar makaranta yana ɗan matashi, ya yi shekaru yana ƙananan ayyuka cikin wahala kafin sa'a ta same shi. Takwarorinsa da suka fita haka sa'ar ba ta zo musu ba, babu wanda ya riƙe sunansu. Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar yaro da rawarsa kawai. Mafi yawan waɗanda suka fito daga irin wannan makaranta ba da dandali za su ci abinci ba. Mai rawa gwiwarsa na iya lalacewa yana da shekara ashirin da biyar. Mawaƙin da bai iya karanta yarjejeniya ba, kamfani ne zai ci guminsa. Uwar da take son ɗanta ya fito da takardar da za ta kai shi jami'a tana da gaskiyarta. Karatun littafi wajibi ne a kan makarantar ta bayar da shi mai inganci. Abin da nake ƙi shi ne ta mayar da shi sharaɗin shiga mai tsauri, ta sauke wa kanta nauyin koyar da wanda ya zo da rauni.

Abin da ya biyo bayan tafiyar Mars bai kwantar da hankali ba. Wadda ta gaje ta, Yeou-Jey Vasconcelos, mai ilimin kiɗa ce, aka yi murna cewa fasaha ta dawo gida. A 2021 ta kawo shawarar rage darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, sai wani ɓangare na iyaye ya tayar da jijiyar wuya cewa za a kashe wa 'ya'yansu damar shiga manyan jami'o'i. Aka sake wata taƙaddama a kan tsawon yinin makaranta. A farkon 2023 ita ma ta tafi. Cikin shekara huɗu shugabanni biyu sun bar kujera, ta farko da zargin ta fifita littafi, ta biyu da zargin ta sassauta masa. Wannan yana nuna manya ba su yarda a tsakaninsu ba a kan abin da makarantar take nufin samarwa, yaran kuma su ake ɗora wa kaya biyu: su wuni a aji, su yi atisaye har yamma, su hau jirgin ƙasa zuwa unguwanni masu nisa, su kwana a kan aikin gida. Iyayen da muryarsu ta fi tashi a irin wannan jayayya su ne masu lokaci da ilimi da hanya, kuma 'ya'yansu sun riga sun shiga.

Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wani abu mai kama da wannan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna koyar da wasan kwaikwayo, amma mai nema sai ya kawo kiredit biyar, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Matasa da yawa masu baiwar fim da waƙa ba su da wannan, sai su koyi sana'ar a bakin aiki a Kannywood, kamar yadda ɗan amshi ya saba koyo a bayan ubangidansa. Masu takarda suna aji, masu baiwa suna waje, kowane ɓangare ya rasa abin da ke hannun ɗaya. Ga jami'a ana iya kawo uzuri. Ga yaro ɗan shekara goma sha uku, uzurin ya yi rauni ƙwarai.

Ko da an cire batun maki gaba ɗaya, akwai wani tankaɗe da ya riga ya faru tun kafin ranar gwaji, kuma shi ya fi damuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da za ta burge malaman rawa, ko yaron da zai karanta rubutun kiɗa nan take ya kaɗa, yawanci sun yi shekaru suna koyo. A ina? A 2014 babban mai binciken kuɗin birnin Niyok, Scott Stringer, ya fitar da rahoton da ya gano kashi 28 cikin ɗari na makarantun gwamnatin birnin ba su da ko da ƙwararren malamin fasaha guda na cikakken lokaci, kashi 20 kuma ba su da ko na ɗan lokaci. Makarantun da abin ya fi shafa suna kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, unguwannin talakawa, galibi baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Rashin ya daɗe. Rikicin kuɗin da birnin ya shiga a 1975 ya yi awon gaba da malaman kiɗa da zane masu yawa. Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ɗaure darajar makaranta da makin lissafi da karatu, sai shugabannin makarantu suka riƙa matse lokacin fasaha. A 2007 aka daina keɓe wa fasaha kasonta na musamman, aka bar wa kowane shugaba ya kashe kuɗin yadda ya ga dama.

Bayan rahoton Stringer, gwamnatin magajin gari Bill de Blasio ta ƙara dala miliyan 23 domin koyar da fasaha. Abin a yaba ne, amma a tsarin da ke da ɗalibai kusan miliyan ɗaya, kuɗin bai wuce 'yan daloli ashirin da wani abu ga kowane yaro ba. Ɗan mai hali yana da malami a gida da ake biya duk mako, har da mai shirya shi musamman domin ranar gwaji. Ɗan kudancin Bronx yana zuwa da abin da ya tsinta a coci ko a titi ko a waya. Malami mai ido yana iya hango ɗanyar baiwa a cikinsa, idan an ba shi ikon yanke hukunci. Idan kuwa aka karɓe ikon aka miƙa wa takardar maki, yaron ya faɗi sau biyu. Ba abin mamaki ba ne da kason talakawa a LaGuardia ya yi ƙasa sosai da kasonsu a makarantun birnin baki ɗaya.

Da ni ake tambaya yadda za a auna ingancin wannan makaranta, ba zan fara da yawan masu wucewa jami'a ba. Zan nemi a nuna mini unguwannin da ɗalibanta suka fito, da adadin waɗanda suka ci gwajin baiwa aka ƙi su saboda maki, da abin da ya faru da waɗanda aka ɗauka suna da rauni a karatu: an sa musu malaman ƙarin darasi, ko an zuba musu ido har suka fice? Zan kuma nemi a faɗa mini makarantun firamare nawa ne a Bronx suke da malamin kiɗa a bana.