Lafiya Uwar Jiki: Awon Da Ba A Yi A Asibiti

Duk mai ciwon sukari a Abijan ya san hanyar CADA, cibiyar masu wannan ciwo da ke Adjamé, mai ciwon zuciya kuma ya san asibitin zuciya na Treichville. Can za a auna jini, a auna sukari, a ɗora mutum kan sikeli. Amma akwai awon da ba a cika yi ba, wato na zaman majiyyaci da jama'arsa.

Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lafiya ƙafa uku gare ta kamar murhu: jiki, hankali, da zaman tare da mutane. A 2010 masana suka tattara bincike 148 na mutane fiye da 300,000, suka gano cewa masu ƙarfin zumunci sun fi waɗanda aka bari su kaɗai tsawon rai.

To, yaya ake auna zumunci? A 2004 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta soma wani shiri mai suna PROMIS, inda majiyyaci da kansa ke amsa tambayoyi. Ana tambayarsa ko yana iya aikinsa da hidimar iyalinsa, ko yana da mai kai shi asibiti, ko yana da wanda zai faɗa wa damuwarsa, ko yana jin an ware shi. Da yake miliyoyin mazauna Amurka Sifaniyanci suke ji, sai aka fassara tambayoyin, aka gwada su a kan masu jin Turanci da masu jin Sifaniyanci. Dalili kuwa shi ne, tambaya guda na iya sauya nauyi idan ta sauya harshe.

Nan ne maganar ta shafe mu. Likita zai yi tambaya da Faransanci, yaro ya juya wa tsohonsa da Hausa ko Julanci. Ka ce wa Bahaushe "Yaya jiki?" ko numfashi na yi masa wuya zai ce "Da sauƙi." Ka ce "Kana jin kaɗaici?" zai ce "Alhamdu lillahi," don kunya ba za ta bar shi ya tona asirin 'ya'yansa gaban baƙo ba. Sai a rubuta lafiya lau, alhali dattijo ya yi wata uku bai leƙa rumfarsa ba.

Mu kuma baƙi ne. 'Yan uwan da za su yi jinya suna Maradi, Tawa, Katsina ko Sakkwato. Ciwon da ba ya warkewa yana cin kuɗi, yana hana fita, tun ana zuwa gaisuwa har ƙafa ta ɗauke. Wanda ba shi da mai raka shi asibiti, shi ne ke aiken yaro Roxy ya sayo masa ƙwayar da ba a san asalinta ba.

Saboda haka mu yi namu ma'aunin, da tambayoyin da "da sauƙi" ba za ta amsa ba. Baba, yaushe rabonka da masallacin Juma'a? Inna, wa ya raka ki asibiti wancan watan? Suna nawa aka yi a unguwa ba ki je ba? Kina cikin adashe har yanzu? Wa ya shigo gidan nan a makon nan? Amsoshin ƙidaya ne, ba su ɓuya.

Sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Adjamé da Treichville, ku rubuta sunayen masu doguwar jinya, ku raba wa matasa, kowane majiyyaci ya sami mai leƙa shi duk mako da mai raka shi ranar ganin likita. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.