Yarinyar Barkiya mai son ƙwallon kwando: Me jami'o'inmu suka tanadar mata?

A daren da 'yan wasan D'Tigress suka doke Mali da ci 78 da 64 a birnin Abidjan, cikin watan Agustan 2025, muna zaune a tsakar gida a Barkiya, mun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Karo na biyar ke nan a jere da suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na matan Afirka. Ana gama wasa ɗiyar ƙanwata, wadda ta fi kowa tsayi a ajinsu, ta juyo ta ce: "Kawu, su waɗannan a ina suka koya?"

Amsar ba ta yi mini daɗin faɗa ba. Amy Okonkwo, gwarzuwar gasar, a jami'ar TCU ta Amurka ta goge. Promise Amukamara daga Arizona State ta fito, Elizabeth Balogun kuma daga Duke. Kociyarsu ma, Rena Wakama, a Amurka aka haife ta, ta kuma buga wa jami'ar Western Carolina. Akwai irin su Murjanatu Musa da suka taso a gida, amma mafi yawan ginshiƙan tawagar jami'o'in wata ƙasa ne suka raine su. Mu namu tafi ne da rabon kyauta: Shugaba Tinubu ya sanar da dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa.

Ba na ƙyashin kyautar, sun ci guminsu. Abin da nake cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya leƙa yadda ƙungiyar mata ta babbar jami'a take rayuwa cikin kaka guda, zai ga cewa tsarin yau da kullum ne ke haifar da kofi, kuma yawancin wannan tsari bai fi ƙarfin Dutsin-Ma ba.

Yadda kaka guda take daga ciki

A Amurka kakar wasan jami'o'i tana farawa ne a farkon Nuwamba. Ana buga wasanni kusan 30, sannan a shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale a watan Maris, a ƙare a farkon Afrilu. 'Yar wasa ɗaliba ce cikakkiya. Idan sakamakonta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, za a dakatar da ita ko da ita ce tauraruwa. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin ta iyakance atisayen dole zuwa awa 20 a mako, tare da hutun yini ɗaya.

Ranar 'yar wasa ta saba farawa da ɗaga ƙarfe, sai lacca, sai atisaye, sai zaman kallon bidiyon abokan karawa, sai awannin karatu na dole da dare. Akwai mai duba rauni, akwai mai tsara abinci, akwai malamin da aikinsa kawai ya tabbata ba ta rasa jarrabawa saboda tafiya ba. Wannan ba gata ba ne. Yagewar jijiyar gwiwa, alal misali, ta fi samun mata 'yan wasa fiye da maza, kuma jinyarta kan ci wata tara ko shekara guda.

Mu ɗauki Jami'ar South Carolina ƙarƙashin kociya Dawn Staley. A 2023 sun ci wasa 36 a jere, sai Iowa ta Caitlin Clark ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A cikin wasan, Clark ta yi wa wata yarinya mai suna Raven Johnson nuni da hannu, alamar ba ta isa a tsare ta ba. Bidiyon ya karaɗe intanet, kuma daga baya Raven ta bayyana cewa har ta yi tunanin barin wasa. Daga nan duk 'yan wasa biyar da ake fara wasa da su suka bar ƙungiyar.

A kaka ta gaba, da waɗanda a da suke zaman benci da sababbin shiga, suka ci wasa 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba. A wasan ƙarshe suka sake haɗuwa da Iowa, suka doke ta 87 da 75. Raven ce ta tsare Clark a mafi yawan wasan. 'Yan bencin South Carolina sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba. Mutum kusan miliyan 19 ne suka kalli wasan, fiye da waɗanda suka kalli na maza a shekarar.

Abin lura a nan shi ne yarinyar da aka yi wa dariya ta samu inda za ta koma washegari: fili, kociya, abokan wasa, da gurbin karatun da bai suɓuce mata ba. Tushen wannan kuwa doka ce ta 1972, wadda ake kira Title IX, da ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Ko a can ba a samu komai a ɓagas ba. A 2021 sai da wata 'yar wasa, Sedona Prince, ta ɗora bidiyon 'yan ƙarafunan da aka ajiye wa mata a gasar ƙasa, alhali an cika wa maza zaure guda da kayan motsa jiki, sannan hukumar ta ji kunya ta gyara.

Arewa ba baƙuwar kwando ba ce

Kada wani ya ce wasan ba namu ba ne. A Zariya, Oliver Johnson, ɗan Amurkan da aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Fili ɗaya da malami ɗaya mai naci ne suka yi wannan.

Mu a nan muna da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a gari ɗaya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Makarantu uku sun isa a kafa ƙaramar gasa ta gida da waje a kowane zangon karatu, ba sai an jira gasar NUGA an tattara yara mako biyu kafin tafiya ba.

Damuwar iyaye gaskiya ce

Ƙanwata ba ta goyon bayan wannan magana, kuma hujjojinta uku ba na wasa ba ne.

Ta farko sutura. A 2014 tawagar matan Ƙatar ta fice daga gasar Asiya saboda an hana su sa hijabi. Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State da hijabinta, ta rasa damar zama ƙwararriya saboda wannan doka, ta kuma yi ta fafutuka har hukumar FIBA ta janye haramcin a 2017. Yau yarinya za ta iya shiga fili da hijabi da dogon wando da riga mai dogon hannu, babu alƙalin da zai fitar da ita.

Ta biyu tsaro. A Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Uwar da ta tuna wannan ba za ta lamunci atisayen bayan magariba ko tafiyar dare ba, kuma tana da gaskiya. Don haka atisaye ya zama na safe ko bayan la'asar, cikin harabar makaranta, 'yan wasa su samu ɗakin kwana a ciki, tafiya kuma ta rana ce tare da malama mace.

Ta uku karatu. A nan tsarin Amurka ya fi mu tsanani: babu sakamako, babu wasa. Mu ɗauki wannan yadda yake.

Abin da ya kamata a yi

A yawancin manyan makarantunmu kowane ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni lokacin rajista, mace da namiji. Ya kamata kowace makaranta ta fito fili ta faɗi nawa ne daga ciki ake kashewa a kan mata. A ware wa ɗalibai mata awanninsu a fili, waɗanda maza ba za su ƙwace ba. A ɗauki kociya mace da albashi, ko da guda ɗaya ce. A yafe wa 'yan wasa goma sha biyu kuɗin ɗakin kwana muddin suna cin jarrabawa. Gwamnatin jiha kuma ta sa gasar 'yan mata tsakanin makarantun sakandaren Kurfi da Dutsin-Ma, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba kowace yarinya ce za ta kai D'Tigress ba. Mafi yawansu malamai da ma'aikatan jinya da iyaye za su zama, amma za su fita da lafiyar jiki, da sanin kiyaye lokaci, da iya tashi bayan an sha kaye.

Ɗiyar ƙanwata za ta rubuta JAMB baɗi. Ta riga ta tambaye ni ko makarantar da za ta cike tana da ƙungiyar mata mai buga wasa duk zango. Na ce mata zan bincika. Ina fata shugabannin makarantun nan uku za su ba ni amsar da zan iya kai mata gida.