Laifi Tudu Ne: Tsakanin Toka Da Kushewa

Tun daga shekarar 2013 da Jihar Legas ta kafa dokar da ta halatta ƙona gawa ga wanda ya so, da kuma gawawwakin da aka rasa masu su, wata magana ta fara kewayawa a bakin wasu 'yan boko, musamman a Abuja. Cewa suke yi tun da fili ya yi tsada, jama'a kuma kullum ƙaruwa take yi, me zai hana mu bi sahun ƙasashen da suka ci gaba, a ƙona mamaci, a miƙa wa iyalinsa tokar a ɗan tulu, su watsa ta a kogi ko bisa dutse, kowa ya huta? Yawancinmu da mun ji wannan sai mu yi a'uziyya, mu tofar da yawu, mu wuce muna jin mun sauke farali. To, a ganinmu masu waccan magana sun yi kuskure, amma mu masu a'uziyyar kuskurenmu ya fi nasu muni, domin su faɗa kawai suka yi, mu kuwa aikatawa muke yi.

Da farko dai ya kamata a yi wa toka adalci. Mabiya addinin Hindu da suke kai tokar iyayensu kogin Ganga ba wulaƙanci suke nufi ba, iyakar girmamawar da suka sani ke nan. Firayim Ministan Indiya na farko, Jawaharlal Nehru, da ya rasu a 1964, wasiyya ya bari cewa a watsa mafi yawan tokarsa daga jirgin sama a kan gonakin talakawa, don ya gauraya da ƙasar da suke nomawa. Wannan al'ada tana da tushe a wurin masu ita. Abin da ba shi da tushe shi ne a ciro ta daga imanin da ya haife ta, a kawo mana ita a matsayin dabarar tsimin fili.

Mu kuwa harshenmu kansa ya bayyana matsayinmu. Bahaushe yakan ce an yi wa mamaci sutura, wato kalmar da yake amfani da ita ga tufafin mai rai ita ce dai yake ba wanda ya rasu, domin a wurinsa mutuwa ba ta kawar da mutunci. Kabari kuma makwanci ne, wanda ya tafi ya riga mu gidan gaskiya. Wannan fahimta ta dace da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu, inda hankaka ya nuna wa ɗan Adam yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa. Kiristocin Arewa su ma binnewa suke yi, haka Maguzawa tun kafin zuwan addinan biyu.

Daɗin daɗawa, kushewa shaida ce wadda ba ta ƙarya. Duk wanda yake shakkar abin da Turawan mulkin mallaka suka yi wa sarakunanmu, ya je Lakwaja ya ga inda Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suke kwance, nesa da garuruwan da aka raba su da su. Masu mulkin ƙarfi sun daɗe da sanin wannan sirri. Shi ya sa bayan yaƙin Omdurman a 1898 sojojin Kitchener suka rusa hubbaren Mahadi na Sudan, suka zuba ƙasusuwansa a kogin Nilu. Shi ya sa waɗanda suka kashe Patrice Lumumba a 1961 suka narkar da gawarsa, sai haƙori ɗaya ne ya koma Kwango a 2022. A zamanin annobar korona ma, gwamnatin Sri Lanka ta tilasta ƙona gawawwakin Musulmi daga 2020 har zuwa Fabrairun 2021, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da haɗari, daga baya a 2024 ta fito ta nemi gafara. Raba mutane da kabarin nasu tsohon makami ne.

Yanzu mu koma ga hujjar ƙarancin fili, mu auna ta a Idu. Wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Kaduna a tashar Idu, wadda aka buɗe a 2016, ya ɗaga ido ya duba, me zai gani? Masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, rukunin gidaje, sai kuma filaye masu faɗi da aka kewaye da katanga, ciyawa ta cinye su, suna jiran ranar da farashi zai ninka. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta ware wa Babban Birnin Tarayya kusan murabba'in kilomita 8,000. Kabarin Bahaushe kuwa nawa yake ci? Ba akwati, ba siminti, ƙyalle ne fari da itace da ƙasa. Ko da an ba kowane kabari murabba'in mita 4 har da hanyar wucewa, hekta ɗaya tak za ta ɗauki mutum 2,500. Maƙabartar Baƙi'a ta Madina fiye da shekara 1,400 tana karɓar baƙi, ba ta ce ta gaji ba. Ashe ƙasa ba ta yi kaɗan ba, zukata ne suka yi ƙunci. Matsalar mamaci ita ce ba ya biyan kuɗin fili, ba ya kuma kaɗa ƙuri'a.

Kuma wa wannan ƙunci yake cutarwa? Mai hali in ya rasu a Abuja, ko dai a kai shi maƙabartar Gudu cikin jerin gwanon motoci, ko a ɗauke shi zuwa garinsu a motar asibiti ko a jirgin sama. Amma leburan da ya baro Katsina ko Maraɗi yana dako a masana'antun Idu, yana kwana a Karmo ko Gwagwa, in ta Allah ta kasance, 'yan'uwansa sai sun yi karo-karo kafin a sami likkafani da motar ɗaukar makara. Irin wannan bawan Allah shi ne ya gina birnin da hannunsa, shi ne kuma na farko da za a ce wa tokarsa ta fi sauƙi.

A nan ne gizo yake saƙarsa. Kafin a zana taswirar Abuja akwai mutane a wannan ƙasa: Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da sauransu. Da aka tashi mutanen tsohon Wuse aka kai su Sabon Wuse, sun ɗauki tukwanensu da awakinsu, amma wa ya taɓa ɗaukar kakanninsa a ka? Duk ƙauyen da aka tasa, an bar matattunsa a ƙarƙashin kwalta da harsashin bene. Mu da muke tsine wa mai watsa toka, mun taɓa buɗe baki a kan wannan? Ko don ba kakanninmu ba ne?

To, namu fa, me muka yi musu? A Kano da Zariya da Katsina kowa ya san maƙabartun da ba su da katanga, awaki suna kiwo a ciki, maƙwabta sun mai da gefensu juji. Damina ta zo, zaizayar ƙasa ta buɗe kaburbura. Mai shago ya ɗan ci taku biyu, mai gareji ya ci uku, har a wayi gari inda aka yi wa wani addu'a jiya ya zama wurin wankin mota. Tsofaffin da suke haƙa kabari suna gadi, da sadaka suke rayuwa. Mai watsa toka aƙalla ya tsaya a bakin kogi da hawaye, ya san ranar, ya san wurin. Mu kuwa mun bar wa katafila da ruwan sama aikin watsa iyayenmu, ba wanda ya halarta, ba wanda ya yi fatiha.

Saboda haka a'uziyya ba ta wadatar. Wajibi ne hukumomin tsara birane, a Abuja da jihohi, su hana amincewa da kowace sabuwar unguwa sai an ware mata maƙabarta mai takardar mallaka, ta Musulmi da ta Kirista, kamar yadda ake ware filin makaranta da kasuwa. Attajiran da suke gasar gina masallatai ƙofa da ƙofa su tuna cewa wakafin fili da katangar maƙabarta shi ma sadaka ce mai gudana. A sa masu haƙa da masu gadi cikin tsarin albashin ƙananan hukumomi. Kafin a tashi kowane ƙauye, a zauna da mutanensa a kan makwancin kakanninsu. Mu kuma malamai da ɗaliban Hausa, da muke zuwa ƙauyuka tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin baka, mu riƙa tambayar dattawa inda tsofaffin kushewu suke, mu rubuta, tun kafin su ma su bi sahu.

Mutuwa rigar kowa ce. Al'ummar da ta kasa tsare wa uwayenta taku shida na ƙasa ba ta da bakin zagin wanda ya zuba nasa a kogi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani, ya kuma ba mu masu tsare mana makwanci fiye da yadda muka tsare wa na gabanmu.