Neman aiki a Zariya: ina takardar digiri ke kai mai ita?

A Palladan, unguwar da ke kan titin Sakkwato tsakanin Samaru da Sabon Garin Zariya, da wuya ka rasa gidan da ke da mai digiri yana jiran aiki. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana yaye dubban ɗalibai duk shekara, ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a maƙwabtaka. To sai dai guraben aiki ba sa ƙaruwa yadda masu takarda ke ƙaruwa.

Alƙaluman hukuma ma na iya ruɗa mutum. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, amma a farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka samu ba. Hukumar ce ta sauya ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki.

Akasarin matasa aikin gwamnati suke hanƙoro, kuma nan ne hatsarin ya fi yawa. A watan Maris na 2014 mutane da dama sun mutu a turmutsitsin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice, bayan kowannensu ya biya naira dubu ɗaya. A 2023 kuma, kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya ji shaidar yadda ake sayar da gurabe. Don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi kafin takardar kama aiki, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma zai jefa mai biyan cikin laifi.

Abin da ke hannun mai nema ƙanana ne, amma su ke kayar da mutane. Yanzu ta intanet ake cike takardun neman aikin tarayya, kuma bambancin harafi ɗaya, ko na ranar haihuwa, tsakanin lambar NIN da sakamakon WAEC da takardar kammala hidimar ƙasa na iya sa a watsar da mutum kafin a ga fuskarsa. Gyaran yana ɗaukar lokaci, don haka ba ranar da aka buɗe shafi ake fara shi ba. Haka ma takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Akwai kuma al'adar zuwa shagon kwamfuta a Samaru a kwafi takardar bayanin kai ta wani, a sauya suna kawai. Mai ɗaukar aiki da ya ga irinta hamsin, ba zai karanta ta hamsin da ɗaya ba. Gara shafi guda da ke faɗin abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa, ko da koyarwa ce a makarantar Islamiyya ko riƙe lissafin shago a kasuwar Sabon Gari.

Masu dogaro da shirye-shiryen gwamnati kuwa sun ga yadda ta kaya da N-Power, wanda aka fara a 2016 da alawus ɗin naira dubu 30 a wata, aka kuma dakatar da shi a watan Oktoban 2023.